Gwiwar Habu Turmi da Bakin Sakatare

Ba zan taɓa mantawa da gwiwar Habu Turmi ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Matameye ba za su bar ni ba. Shekara uku ke nan ana tuna mini, wani lokaci a ƙofar masallaci, wani lokaci a cikin shagona, mutum ya kawo ɗinki ya haɗa mini da tsokana.

Bari in fara daga farko, don ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Ni tela ne. Karatuna na lakwal bai wuce aji shida ba, amma na fito da abu biyu: rubutu mai kyau da ƙin hargitsi. A shagona almakashi yana da ƙusarsa, mitar awo tana da tata, wanda kuwa ya rataye ɗaya a wurin ɗaya zai ji daga bakina. Wannan hali ne ya sa aka naɗa ni sakataren komiten magoya bayan 'yan kokawar garinmu. Mu goma sha ɗaya ne, muna zama kowace Laraba bayan la'asar a rumfar shugabanmu, Alhaji Mutari mai hatsi. Ni nake buɗe taro, ni nake karanta abubuwan da za a tattauna ɗaya bayan ɗaya, ni nake rufewa. Da na rufe sai in sa ɗan karnena, wato littafin rubutuna, a aljihu in kama hanya. Sauran sukan zauna su sha shayi na biyu da na uku suna surutu. Ni kofin farko kaɗai nake sha, don a ganina duk abin da ya biyo bayan rufe taro ɓata lokaci ne. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Habu Turmi shi ne babban ɗan kokawarmu. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, in ya kafa ƙafafunsa a yashi sai ka rantse an binne su ne. A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama kaka, aka shirya karo tsakanin Matameye da Dungu, aka kuma ce wanda ya yi kaye a karon manya shi za a sa cikin waɗanda za su wakilci yankinmu a Damagaram. Turmi ya daɗe yana jiran wannan rana. Abokin karonsa shi ne Illa Ƙugiya na Dungu, mutumin da bai san komai a kokawa ba sai ƙafa. Ba ya neman wuyanka, ba ya neman ƙugunka. Zai yi ta zagaya ka har ya ga ƙafar da kake tausaya wa, sannan ya sunkuya ya ɗauke ta.

Saura sati huɗu, Turmi ya diro daga amalanken rake, ƙafarsa ta faɗa rami, gwiwa ta murɗe. Ta hagu. Na sani, don ni na raka shi asibiti, ni kuma na raka shi Icirnawa wajen mai ɗori. Manjo, babban ma'aikacin asibitin, ya ce sati shida, ba gudu, ba kokawa. Mai ɗori ya murza, ya shafa man shanu, ya tofa, ya ce sati uku ya isa. Tsakanin shida da ukun nan garinmu ya rabu biyu.

Larabar da ta biyo ban iya karanta ko abu na farko ba.

"Ni dai na faɗa, a sa Mamman Buhu a gurbin Turmi," in ji Alhaji Mutari. "Mutumin da duk rani yana Kano yana ɗaukar buhu biyu a kafaɗa? Ƙugiya nawa yake?"

Malam Isuhu mai gyaran moto ya ce, "Haba Alhaji, buhu yana kama ƙafar mutum? Buhu yana ramawa? Mamman in ya yi minti biyu a fili sai haki kamar injin ban ruwa. A sa Ɗan Jimmai, yaron nan yana da zafin nama."

"Ɗan Jimmai? Wannan da iska ke kaɗawa? Ai Ƙugiya a aljihu zai sa shi ya kai wa iyalinsa tsaraba."

"To gara tsaraba da gawa, Alhaji."

Wani ya ce ƙaninsa ya taɓa irin wannan targaɗe, kwana goma ya koma gona. Wani ya ce kawunsa ma ya taɓa, har ya rasu da sanda yake tafiya. Kowa yana da gwiwar da ya sani. Ban da Baba Nomau, tsohon ɗan kokawa, wanda yake horar da yaranmu. Yana gefe yana tauna goro, yana kallonmu kamar masu cinikin akuyar da ba tasu ba.

Na buga bik ɗin da nake rubutu da shi a kan benci har aka yi shiru. Na ce, "Jama'a, ba a haka. Na farko, a san girman kumburin. Na biyu, a san ko yana raguwa. Na uku, sannan a yi maganar wanda zai maye gurbinsa. Wa zai riƙa aunawa?"

Suka dube ni gaba ɗaya. Wa ke da mita in ba tela ba?

Haka na shiga zuwa gidan su Turmi kowace safiya kafin in buɗe shago. In durƙusa, in zagaya wa gwiwar mita, in rubuta a karne: rana kaza, gwiwar hagu, kaza. Turmi yakan yi dariya ya ce, "Kawu, wando za ka ɗinka mata?" Ba na amsawa, don ba wasa ya kawo ni ba. Mahaifiyarsa, Inna Hajo, takan tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Malam tela, ni ba ruwana da Damagaram. Ƙafar nan ita ke yi mana noma. In kuka karya mini ita, komitenku zai riƙe mini fartanya?" Wannan ma ba na amsawa, amma maganar takan bi ni har shago.

Gaskiya hankalina bai kwanta ba a kwanakin nan. In kumburi ya ragu, in ji tsoron za a sa shi ya shiga fili bai gama warkewa ba. In bai ragu ba, in ji tsoron Dungu za su kwashe mu a gaban matanmu. Tuwo ya daina yi mini daɗi. Har na ɗinka wa wani bawan Allah aljihu a bayan riga, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyo.

Mutanen Dungu kuwa sun ji labari cewa Turmi ya ji ciwo a gwiwa, amma ba su san wace ba. Masu kawo rake daga can sukan tsaya a kasuwa suna tambaya cikin dabara, kamar masu jaje. An gargaɗe mu kada kowa ya faɗa. Ni ma na rubuta wannan gargaɗi da hannuna, na ja masa layi biyu. Ina so ku san na sani.

Larabar ƙarshe, saura kwana huɗu, na karanta awon. Kumburi ya sauka sosai, amma bai koma daidai da ɗaya gwiwar ba. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan cewa Turmi zai shiga, Ɗan Jimmai kuma ya zauna cikin shiri. Alhaji ya yi gunaguni a kan Buhu, ya haƙura. Na ce an rufe taro, na miƙe.

Baba Nomau ya ce, "Sakatare, zauna mana ka sha na biyu. Akwai magana."

Na ce, "Baba, in da akwai magana, da an sa ta cikin jeri. An rufe taro."

Ya dube ni, ya ci gaba da tauna goronsa. Na tafi ina jin kaina mutum mai tsari.

Kashegari da yamma na hango Turmi yana ratsa kasuwa, abin da bai yi ba tun da ya ji ciwo. Yana tafiya a hankali ta gaban masu rake, yana ɗingishi. Da ƙafar dama. Na ce shi ke nan, ciwo ya tsallaka ɗaya ƙafar, yanzu ba mu da ko ɗaya. Na rufe shago na bi shi gida, na auna ta daman sau biyu. Lafiyarta lau. Turmi ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kawu, ka je ka tambayi Baba Nomau." Na je, aka ce ya tafi Ɗan Barto ta'aziyya sai jibi. Sai na yi abin da ya dace a ganina: na rubuta shi a matsayin abu na farko na taron Laraba mai zuwa. (Karon ranar Lahadi ne. Laraba tana bayan Lahadi. Wannan ma na sani.)

Ranar Lahadi bayan la'asar fili ya cika har kan katanga. Mutanen Dungu sun zo a manyan motoci biyu da makaɗansu. 'Yan cali-cali, masu ba jama'a dariya tsakanin karo da karo, suna ta tsalle-tsallensu. Aikina shi ne in zauna a teburin manya in karanta jerin karo a mikro, kuma na yi shi yadda ya kamata. Ƙananan karo suka wuce, mun yi kaye uku, sun yi uku.

Na karanta sunan Illa Ƙugiya, ya shigo yana rangaji. Na karanta sunan Habu Turmi. Ganga ta ɗauka, mata suka yi guɗa, ya fito da layunsa a damtse yana taku ɗai-ɗai.

An naɗe masa gwiwa da farin ƙyalle, naɗi mai kauri, wanda ko daga kan katanga za a gani. Gwiwar dama. Ta hagu tana nan tsirara, ba ko zare.

Na buɗe karne da sauri. Hagu. Hagu. Hagu. Shafi bayan shafi, da rubutuna. Nan take na gane abin da ya faru, ko in ce na ɗauka na gane. Duk tela ya san yadda ake rikita hagu da dama in kana fuskantar mutum. Wani ya durƙusa a gabansa cikin gaggawa ya ɗaure wadda ba ita ba. Yanzu yaron nan zai shiga hannun Ƙugiya da gwiwa mai ciwo ba abin da ya riƙe ta. Na ji muryar Inna Hajo a kunnena tana tambayar wa zai riƙe mata fartanya.

Na miƙe na ɗaga wa Baba Nomau hannu, yana can ɗaya gefen filin. Ya gan ni, ya yi mini alama da tafin hannu in zauna. Na nuna masa gwiwata ta hagu, na bubbuga ta. Ya sake yi mini alama, wannan karon da hannu biyu. Alhaji Mutari, da ke kusa da shi, ya zaro ido yana girgiza mini kai. Na ce a raina, tsofaffin nan ba su gane ba, ga kiɗa ya hana su ji. Alƙali ya kira 'yan kokawar tsakiya, ya kai usur baki.

Mikro yana hannuna.

"Dakata! Alƙali, a dakata! An yi kuskure!"

Muryata ta fita ta kowace lasifika. Na ji daɗin yadda ta fita, Allah ya yafe mini.

"Na farko, gwiwar dama aka ɗaure wa Habu. Na biyu, ta hagu ce mai ciwo, ni na auna ta da hannuna kowace safiya. Na uku..."

Ban kai ga na uku ba. Gangunanmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Filin ya yi tsit, har ina jin kukan wani jariri a can baya. Illa Ƙugiya, wanda tun shigowarsa idonsa yake kan farin ƙyallen nan, ya ɗauke idon a hankali ya mayar kan ɗaya gwiwar. Ya kalle ta sosai. Sannan ya juyo wajena, ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna, ya ce da ƙarfi, "Na gode, Malam. Allah ya saka da alheri."

Dariyar mutanen Dungu ta tashi kamar rumfa ta rushe.

A lokacin ne komai ya jeru a kaina, a tsare, yadda nake so, sai dai a makare. Shayi na biyu. Akwai magana. Ɗingishin dama a gaban masu rake. Dariyar Turmi. Ba wanda ya yi kuskure. Da gangan aka ɗaure lafiyayyar, don Ƙugiya ya kai hannu ga ƙafar da za ta iya da shi, Turmi kuma ya danne shi daga sama. Kwana huɗu garin nan yana riƙe da sirri ɗaya, ni kuma na sa shi a lasifika, da lamba.

"Kai, Sakatare!" Muryar Malam Isuhu ce. "Ka kashe mu! Wa ya aike ka?"

Na hango Alhaji Mutari. Hularsa ya cire ya rufe fuska da ita.

Baba Nomau ya taka ya shiga fili, bai yi sauri ba. Ya durƙusa gaban Turmi ya soma warware ƙyallen. Da yake fili shiru ta ɓangarenmu, na ji abin da suka ce.

"Baba, bar ni. Ko da ƙafa ɗaya zan kama shi."

"In ya kama ta yau, ba za ka ƙara kama kowa ba. Fita."

"Baba, shekara nawa ina jira?"

"Na ce fita, Habu."

Turmi ya fita. Ta gaban teburina hanyar take. Ya wuce ba ɗingishin dama, don ba sauran amfaninsa, idonsa jajir, bai dube ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kuma ku sani, ni ne mai karanta jerin karo. Dole na sake ɗaga mikron nan na kira sunan Ɗan Jimmai. Yaron ya shigo da zuciyarsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma kafin in mayar wa bik murfinsa, yana ƙasa yana kallon sama. Daga can Alhaji ya leƙo ta ƙarƙashin hula ya ɗaga murya ya ce, "Da Buhu ne..."

Ina tattara takarduna in sulale sai 'yan cali-cali suka shiga fili. Ɗaya ya ɗaure gwiwa da tsumma, ɗaya ya ɗauki igiya yana auna shi, ya tsuke fuska yadda nake tsukewa (sai ranar na san haka nake yi), ya ɗaga yatsa ya ce, "Na farko!" Ya ce, "Na biyu!" Sai filin gaba ɗaya, mu da Dungu, ya amsa, "Na uku!" Wannan ne kaɗai abin da garuruwan biyu suka yi tare a ranar.

Na isa gida ta lungu. Mai ɗakina ta ajiye mini ruwa, ta ce, "Malam, ai har mu mata mun sani tun ranar Alhamis."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Ba kai ka ce kada a kawo maka zancen waje in ba kai ka tambaya ba?"

Ni na ce. Har na tuna ranar da na faɗa.

Kwana uku ban buɗe ƙofar shago ta gaba ba. A na huɗu na tafi gidan su Turmi ba mita, ba karne. Na same shi zaune a tabarma. Na ce na zo ne in ba shi haƙuri, na farko... sai na kama bakina. Na ce, "Habu, na cuce ka. Ka yafe mini." Ya ce, "Ba komai, Kawu," yana kallon bango. Kowa ya san irin wannan ba komai ɗin. Ina fita Inna Hajo ta biyo ni zaure da ƙwaryar fura, ta rage murya ta ce, "Malam tela, Allah ya yi maka albarka. Kai kaɗai ka ji tausayina a garin nan." Na karɓi furar, don ba a mayar da hannun babba. Amma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinta ba. Ta ɗauka hikima na yi. Ni na san ba hikima ba ce, kofin shayi biyu na ƙi sha.

Ƙugiya ya tafi Damagaram a gurbin da Turmi ya daɗe yana hange. Wata biyar Turmi yana gaishe ni daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Sai ana saura sati biyu Sallah ya shigo shagona da yadi a hammata, ya ce, "Kawu, wando." Na sauko da mita daga ƙusarta, na auna ƙugu, na auna tsawo. Da na durƙusa na zo kan gwiwa, hannuna ya tsaya da kansa. Na auna ta hagu, na auna ta dama. Daidai suke.

Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ta warke?"

Na ce, "Ta warke."

Ya ce, "To, wannan ma za ka sanar, ko in faɗa da kaina?"

Ya fashe da dariya, ni ma na yi, duk da tawa ba ta fita sosai ba.

Har yau ni ne sakatare, don ba a samu mai rubutu kamar nawa ba. Mikro dai an ba Malam Isuhu, kuma ba a sa wannan cikin jeri ba, na zo ne kawai na tarar. Abin da na koya kuwa, na farko, in na ga abu a karkace, mutum goma suna kallonsa ba wanda ya damu, to ba su ne ba su gani ba, ni ne ba a faɗa wa ba. Na biyu, duk gyaran da zan yi, in fara da raɗa a kunnen mutum ɗaya. Na uku kuwa, ku yi haƙuri. A wajen shayi na uku na ji shi, kuma abin da aka faɗa a nan ba ya shiga karne.